Abincin da ake kai wa alloli a addinin Hindu: wa ke dafawa, wa ke cinyewa?

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya ya san wannan hoton, ko da bai san sunansa ba. Uwa ta fito daga wani lungun ɗaki riƙe da farantin tagulla, fitila na ci a tsakiyarsa. Ta shafa wa ɗanta jan gari a goshi, sannan ta ɗauki curin alewa ta tura masa a baki kafin ya fita neman aiki ko ya tafi fagen daga. Mu a nan hankalinmu yakan karkata ga waƙar da za ta biyo baya, amma alewar nan tana da tarihi. An fara ajiye ta a gaban abin bautar gidan, an yi mata karatu, an ba shi lokaci ya karɓa, sannan aka ɗauko ta. Kafin a miƙa ta ana kiranta naivedya, a arewacin Indiya da yankin Bengal kuma a ce bhog. Bayan an ɗauko ta sai ta zama prasad, wato alherin da abin bautar ya mayar wa mai bautarsa.

Tambayar da kowa kan fara yi ita ce, to gunkin yana ci ne? Mabiya addinin ma sun san farantin yadda aka kai shi haka yake dawowa, ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta raguwa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dawowar abincin: hannun wa ya dafa shi, wa zai fara ci, wa zai samu, wa za a hana. A kan wannan ne aka gina manyan ɗakunan girki, aka ware gonaki da garkunan shanu tun shekaru dubu da suka wuce, kuma a kansa ne aka je har Kotun Ƙolin Indiya a shekarar 2024.

Yadda ake yi a cikin gida

A gidan da ake kiyaye ƙa'ida, mai girkin takan yi wanka ta sa tufafi masu tsabta kafin ta hura wuta. Tana dafawa ba ta ɗanɗanawa, ko don ta ji gishiri ya ji. Wasu ma ko ƙamshin ba sa yarda su shaƙa da gangan, domin duk abin da mutum ya riga ya mora ya tashi daga sabo, bai dace a kai wa abin bauta ba. Akwai ƙananan kwanuka da aka ware don wannan aiki kawai, ba mai cin abinci a cikinsu. Za a zuba ɗan kaɗan daga kowane irin girki, a ajiye gaban mutum-mutumin ko hotonsa, a zagaye farantin da yayyafin ruwa. Idan Vishnu ko Krishna ake bauta wa, sai a ɗora ganyen tulsi a kai, wani tsiro ɗan uwan ɗoɗɗoya da gidajen Hindu da yawa ke shukawa a tsakar gida. Mai miƙawa yana kaɗa ƙararrawa da hannun hagu, yana fifita tururin abincin zuwa ga gunkin da hannun dama, yana ambaton numfashi biyar da suka yi imani jiki na rayuwa da su, kowanne a rufe shi da kalmar svaha. Daga nan sai a ja labule ko a kau da kai na ɗan lokaci, saboda ba ladabi ba ne a zuba wa babba ido yana cin abinci. Idan aka buɗe, sai a miƙa ruwan wanke baki, a mayar da abin da ke cikin ƙananan kwanukan cikin babbar tukunya a gauraya. Da wannan gaurayawar duk girkin gidan ya zama prasad.

Akwai ladabin karɓa. Da hannun dama ake karɓa, a tallafe shi da na hagu daga ƙasa. Ba a ƙi, ba a zubarwa, ba a cewa ya yi zaƙi da yawa.

Malamansu sun sha bamban wajen bayanin abin da ke faruwa a bayan labulen. Waɗanda suka fi karkata ga falsafa suna cewa abin bautar ba ya buƙatar komai, mai bayarwa ne ke koya wa zuciyarsa cewa abin hannunsa ba nasa ba ne. Masu bautar soyayya kuwa, musamman mabiya Krishna, sun tsaya a kan cewa yana ci da gaske, da kallonsa yake ɗauke ruhin abincin ya bar gangar jikin cike da albarka. Ga waɗannan, mutum-mutumin da aka yi wa bikin sanya rai, irin wanda aka yi a sabon wurin bautar Ram da ke Ayodhya ranar 22 ga Janairun 2024, ya daina zama dutse. Ya zama mai gida, yana jin yunwa, yana barci, yana jin zafi da sanyi.

A zamaninmu ma an taɓa yin lokacin da jama'a suka ce sun gani da idonsu. Ranar 21 ga Satumban 1995 labari ya ɓulla a Delhi cewa gunkin Ganesha, abin bauta mai kan giwa, yana shan madara daga cokali. Kafin rana ta faɗi layuka sun cika wuraren bauta a Indiya da Ingila da Kanada, madara ta yi tsada a birnin. Masana kimiyya na gwamnati suka zuba launi a madarar suka gwada, sai ga ta tana bin jikin dutsen a siririn shimfiɗa tana gangarawa ƙasa. Bayanin bai hana wanda ya yi imani ci gaba da imaninsa ba, kuma dama can addinin bai taɓa dogara da irin wannan hujja ba.

Daga wuta zuwa faranti

A zamanin littattafan Veda, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, babu gunki babu ginin bauta. Wuta ake hurawa a fili, a zuba mata man shanu da sha'ir da madara, wani lokaci da naman dabba. Ana ɗaukar Agni, abin bautar wuta, a matsayin bakin alloli, hayaƙi kuma shi ke kai saƙo sama. Abin da wuta ta ci ya tafi ke nan. Har yau ana wannan a bikin aure da wasu bukukuwa. Amma da aka fara gina wuraren bauta ana girke gumaka a ciki, sai salon ya sauya. Aka koma yi wa abin bauta hidima kamar sarki ko babban baƙo, a matakai 16: a gayyace shi, a ba shi wurin zama, ruwan wanke ƙafa, wanka, sutura, turare, furanni, fitila, abinci, har zuwa sallama. Baƙo kuwa idan ya ci yakan rage. Wannan ragin shi ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya.

Littafin Bhagavad Gita ya ƙara wa lamarin ƙarfi ta fuska biyu. A babi na 9 Krishna yana cewa ko ganye ne, ko fure, ko ɗan itace, ko ruwa, idan da ƙauna aka kawo zai karɓa. Da wannan talaka ya samu shiga, ba sai mai garken shanu ba. A babi na 3 kuma aka ce masu cin ragowar hadaya suna tsarkaka daga zunubi, wanda ya dafa don cikinsa kaɗai kuwa zunubi yake ci.

Ragowar da ke ɗaukaka, ragowar da ke ƙasƙantarwa

A al'adar Hindu babu abin ƙyama a wajen abinci kamar ragowar da yawun wani ya taɓa. Suna kiranta jutha. Shi ya sa za ka ga Ba'indiye ya ɗaga gorar ruwa yana kwarara a baki ba tare da ta taɓa leɓɓansa ba. Cin ragowar mutum shaida ce ta cewa yana sama da kai: mata takan ci a farantin mijinta bayan ya gama, almajiri yakan ci ragowar malaminsa. Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba, tunda mun san suɗin da yaro kan yi a kwanon mahaifinsa, mun kuma san almajirin da ke rige-rigen shan ragowar ruwan malam don neman tabarruki. Prasad shi ne suɗin abin bauta. Mai ci yana furtawa da bakinsa cewa shi na ƙasa ne, kuma yana alfahari da hakan.

Sai dai ma'aunin da ya ɗora abin bauta a kan mutum shi ne dai ya ɗora mutum a kan mutum. A tsarin fifikon asali na Indiya, Brahmin, wato ɗan rukunin malaman bauta da ke can saman tsani, ba ya cin girkin wanda ke ƙasa da shi, amma kowa na iya cin nasa. Wannan ne dalilin da ya sa masu girkin manyan wuraren bauta kusan duk Brahmin ne. An kuma raba abinci gida biyu. Wanda aka dafa da ruwa, irin su shinkafa da wake, ana ganin yana saurin ɗaukar ƙazanta, don haka a cikin dangi kawai ake cinsa. Wanda aka soya da man shanu kuwa mai ya kāre shi, ana iya karɓarsa daga hannaye da yawa. Idan ka taɓa mamakin me ya sa prasad ɗin da ake rabawa jama'a galibi alewa ce soyayya, ga rabin amsar. Sauran rabin shi ne ba ta saurin lalacewa a hanya.

A can ƙasan tsanin akwai Dalit, waɗanda a da ake cewa ba a taɓa su. Ƙarnoni suka yi ana biyansu ladan aiki da ragowar farantan biki, ana kuma hana su taka ƙofar wurin bauta. Sai da aka yi gwagwarmaya irin ta garin Vaikom a 1924 zuwa 1925, sannan sarkin Travancore ya buɗe musu wuraren bautar masarautarsa a 1936, tsarin mulkin 1950 kuma ya haramta wariyar a sashe na 17. Duk da haka tsohon tunani bai mutu nan take ba. A wurin bautar Kukke Subramanya da ke jihar Karnataka, har cikin shekarun nan ana wata al'ada: Brahmin su ci abinci a kan ganyen ayaba su tashi, sai mutane, yawancinsu daga ƙananan rukunai, su kwanta su yi birgima a kan ragowar, da imanin cewa tana maganin cutar fata. Bayan doguwar shari'a da zanga-zanga, dokar jihar ta 2017 ta hana. Abin da aka maye gurbinta da shi yana da ban sha'awa: a yi birgimar a kan abincin da aka miƙa wa abin bauta wanda ba ɗan Adam ɗin da ya ci. A ganina wannan sasantawa ta fallasa ainihin rigimar. Ba wanda ya yi jayayya da ƙasƙantar da kai ga abin bauta, ƙasƙantar da kai ga wani ɗan Adam ne aka ce ya isa haka.

Musulmin Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun kai kashi 14 cikin 100 na al'ummar ƙasar, su ma lamarin yana shafarsu kullum, domin maƙwabci ko abokin aiki zai dawo daga ziyara ya miƙo prasad da kyakkyawar niyya. Malamai sun dogara da ayoyin da suka haramta abin da aka ambaci wanin Allah a kansa, kamar aya ta 173 a Suratul Baƙara, suna cewa kada a ci. Yadda za a ƙi ba tare da an ɓata zumunci ba, wannan fasaha ce da kowa ke koya a unguwarsu.

Kowa da abin da yake so

Allolin Hindu ba bakinsu ɗaya ba. Ganesha mai kan giwa modak yake so, wani ɗan curi na garin shinkafa da aka cusa wa kwakwa da mazarƙwaila, kuma guda 21 ake jera masa a bikinsa. Krishna, da aka ce ya yi ƙuruciya cikin makiyaya yana satar man shanu, har yau man shanu da sukari ake ba shi. Shiva ba ruwansa da daɗi: a kwarara masa madara da ruwa, a ɗora masa ganyen bilva, har da zaƙami da wiwi, tunda shi mai zaman daji ne da ya taɓa shanye guba don ceton duniya a labarinsu. Akwai kuma haɗin abubuwa biyar da ake wanke gunki da su a raba wa jama'a a tafin hannu: madara, kindirmo, man shanu, zuma da sukari.

Abin da aka fi sani a waje shi ne cewa abincin bauta babu nama, babu albasa, babu tafarnuwa, saboda ana ganin suna tayar da sha'awa da dushe hankali. Haka ne a wuraren bautar Vishnu da yawancin manyan wurare. Amma wanda ya ce addinin Hindu gaba ɗaya haka yake bai zagaya ba. A wurin bautar Kamakhya da ke Guwahati a jihar Assam ana yanka awaki da tantabaru, wani lokaci da ɓauna. A Kalighat da ke Kolkata ana sare kan bunsuru da sara ɗaya saboda abar bauta Kali, sannan a dafa naman babu albasa babu tafarnuwa, abin da mutanen Bengal ke kira naman da ba nama ba. A Ujjain kwalaben giya ake kai wa Kal Bhairav, ana sayar da su a bakin ƙofa tare da furanni. A ƙauyen Vadakkampatti kusa da Madurai, dafa-dukan shinkafa da naman akuya ake rabawa a bikin Muniyandi na shekara-shekara. A Deshnok ta jihar Rajasthan kuma, dubban ɓeraye ke yawo a wurin bautar Karni Mata, kuma abincin da suka gutsura shi ake ɗauka mafi albarka.

Yankan dabbobi ya daɗe yana jawo taƙaddama, kuma ba tausayin dabba kaɗai ke ciki ba. Yawancin masu yankan mutanen karkara ne da ƙananan rukunai, masu neman a hana kuma galibi daga sama suke, don haka hanin yakan zo da warin raini. Gwamnatin Jayalalithaa a Tamil Nadu ta tsaurara hani a 2003, jama'a suka yi mata ca, ta janye a 2004. Babbar kotun Himachal Pradesh ta hana a 2014. A bikin Gadhimai na ƙasar Nepal, da ake yi duk bayan shekara 5, an sanar a 2015 cewa an daina, amma da 2019 ta zo sai aka ci gaba da yanka.

Tukwanen Puri

Idan mutum yana son ganin wannan al'ada a cikakkiyar siffarta, to ya dubi wurin bautar Jagannath, wata siffa ta Krishna, da ke Puri a jihar Odisha, wanda sarki Anantavarman Chodaganga ya fara ginawa a ƙarni na 12. A nan abin bautar yana rayuwa ne kamar sarki mai fada. Ana tashinsa da asuba, a goge masa haƙora, a yi masa wanka, a canja masa kaya, a ciyar da shi sau 6 a rana tun daga karin kumallo har zuwa abincin dare kafin ya kwanta. Nau'in abincin da ake ambato 56 ne. Lissafin ya samo asali daga labarin Krishna, wanda aka ce ya ɗaga dutsen Govardhan da ɗan yatsa kwana 7 don ya kāre mutanen garinsu daga ruwan sama, bai ci komai ba, alhali ya saba cin abinci sau 8 a rana. Da ruwa ya ɗauke sai suka rama masa duka, 7 sau 8.

Ɗaruruwan masu girki ke aiki a ɗakin girkin, ana kiransu Suara, kuma gadon aikin ake yi daga uba zuwa ɗa. Da itace ake dafawa, a tukwanen ƙasa sababbi, kowace tukunya sau ɗaya ake amfani da ita, abin da ya sa zuri'ar magina tukwane a kewayen garin ba su taɓa rasa ciniki ba. Ruwan daga rijiyoyi biyu na cikin harabar ake ɗebo shi, Ganga da Jamuna. Ana ɗora tukwanen ne wata kan wata a murhu ɗaya, kuma mutanen Puri za su rantse maka cewa ta sama ce ke fara nuna. Masu ɗaukar abincin zuwa gaban gunki suna ɗaure bakinsu da ƙyalle, suna bin wata hanya da ba a yarda kowa ya gifta ba. Sun yi imani Lakshmi, matar Jagannath, ita ke kula da girkin. Idan aka ga kare a harabar, alama ce ta yi fushi, sai a binne abincin duka a sake sabo.

Ba a sa dankalin turawa ko tumatir a wannan girki. Dalilin ba tsarki kaɗai ba ne, tarihi ne: waɗannan kayan sun shigo Indiya ne bayan Turawan Fotugal sun iso a 1498, lokacin kuwa an riga an tsayar da jerin abincin Jagannath. Wanda ya ci a Puri yana ɗanɗana kusan irin abin da mutanen yankin ke ci tun kafin jiragen Turawa su zo.

Bayan an miƙa wa Jagannath, sai a kai abincin gaban Bimala, wata abar bauta mace da ke da ɗan ɗakinta a cikin harabar. Sai ta karɓa sannan ya zama mahaprasad, wato babban prasad. Ita Bimala ɗin tana cin nama da kifi a lokacin bikin Durga, amma a asirce ake yin yankan kafin gari ya waye, ƙofar Jagannath a rufe. Mazhabobi biyu masu saɓani ke nan aka zaunar a gida ɗaya, kowacce ta kau da kai daga ɗaya.

Daga nan tukwanen sai kasuwar Ananda Bazar da ke cikin harabar, inda ake sayar wa dubban mutane. Abin da ya sa Puri ta yi suna shi ne a nan ana cewa mahaprasad ba ya ɗaukar ƙazanta. Brahmin da ɗan ƙaramin rukuni suna iya sa hannu a tukunya ɗaya, kuma dafaffiyar shinkafa ce, wadda ita ce aka fi tsaurara ƙa'ida a kanta a ko'ina. Ana busar da wani ɓangare na shinkafar a ƙulla a ƙyalle a tafi da ita gida. Da ita ake ƙulla alkawarin aure, ita ake sa wa mai gargarar mutuwa a baki. Sai dai kada a yi saurin yaba daidaiton. Wanda ba Hindu ba ba ya shiga harabar ko kusa. A 1984 an hana Indira Gandhi shiga tana firaminista, saboda mijinta ɗan addinin Parsi ne.

Wani abin da ke nuna yadda suka ɗauki gunkin a matsayin mai rai: kowace shekara bayan an yi masa wanka da tulu 108, sai a ce zazzaɓi ya kama shi. Kwana 15 ana ɓoye shi daga jama'a, a dakatar da abinci mai nauyi, ana ba shi 'ya'yan itace da jiƙon magani har ya warware. Bayan ya dawo daga bikin keken da ake jansa a gari, Lakshmi takan rufe masa ƙofa don ya tafi bai ɗauke ta ba, sai ya lallashe ta da alewar rasagola. Wannan labari ma ya shiga takardun gwamnati, domin da shi Odisha ta kafa hujja a jayayyarta da Bengal ta Yamma kan asalin alewar. Bengal ta samu rajistar asalin tata alewar a 2017, Odisha ta samu tata a 2019.

Dukiya da siyasa

Ciyar da abin bauta bai taɓa rabuwa da tattalin arziki ba. A bangon wurin bautar Thanjavur, wanda sarki Rajaraja na ɗaya ya kammala a 1010, an sassaƙa ƙididdigar ƙauyukan da za su kawo shinkafa da makiyayan da aka damƙa wa tumaki da shanu don su riƙa kawo man shanu. A Nathdwara da prasad ake biyan ma'aikata wani ɓangare na haƙƙinsu, su kuma su sayar wa maziyarta. A Attukal da ke Kerala kuwa mata ne ke ƙwace aikin daga hannun maza rana guda a shekara. Su cika titunan Thiruvananthapuram, kowacce da tubali uku da tukunyar ƙasa, a ɗauko wuta daga murhun wurin bautar tana wucewa daga hannu zuwa hannu, su dafa shinkafa da mazarƙwaila da kwakwa. A 2009 an ƙiyasta su miliyan 2.5, adadin da ya shiga kundin Guinness. Ƙungiyar Hare Krishna, da aka kafa a New York a 1966, ita ta fitar da prasad zuwa duniya, kuma daga reshenta na Bengaluru aka fara shirin Akshaya Patra a 2000 da yara 1,500. Yanzu yana ciyar da ɗalibai fiye da miliyan 2 a makarantun gwamnati, ko da yake an yi ta sukarsa a Karnataka saboda ƙin sa albasa da tafarnuwa a abincin yaran da a gidajensu ana ci.

Inda abinci ya taru haka, haɗari ma yana kusa. A Disamban 2018 mutum 17 suka mutu a ƙauyen Sulwadi na Karnataka bayan sun ci prasad da aka zuba wa maganin ƙwari, sakamakon rikicin shugabancin wurin bautar. Abin da ba a ƙi, ba a tambayar yadda aka yi shi, yana da sauƙin zama makami.

Babu inda kuɗi da imani da siyasa suka cakuɗe kamar Tirupati a jihar Andhra Pradesh. Mutum 60,000 zuwa 80,000 ke hawa dutsen Tirumala kullum don ziyartar abin bauta Venkateswara, kuma ba wanda ke son saukowa ba tare da laddu ba, curin alewa na garin wake da sukari da man shanu da kashu da busasshen inabi. Ana yin kimanin 300,000 a rana, a wani ɗakin girki da ake kira Potu, bisa wani tsayayyen awo da ba a canjawa sai da izini. A 2009 aka yi masa rajistar asali, ta yadda ba mai ikon sayar da wani abu da wannan suna. Kowane maziyarci yana samun guda kyauta, ƙari kuma rupi 50.

Ranar 18 ga Satumban 2024 babban ministan jihar, Chandrababu Naidu, ya fito ya ce a zamanin wanda ya gada, Jagan Mohan Reddy, an yi laddu da man shanun da aka gauraya da kitsen dabbobi. Jam'iyyarsa ta fitar da rahoton wani ɗakin gwaji na Gujarat da ya ambaci yiwuwar kitsen saniya da na alade da man kifi. Wanda ya san cewa jita-jitar shafa wa harsasai kitsen saniya da na alade na cikin abin da ya kunna tawayen 1857 a kan Turawan Ingila, zai gane girman wannan magana. Ba batun gurɓataccen abinci ake yi ba. Ana cewa ne an ciyar da abin bauta kitsen saniya, sannan aka raba wa miliyoyin mutane a matsayin albarka, har da guda 100,000 da aka aika Ayodhya a farkon shekarar. Jagan, wanda Kirista ne, ya musanta ya ce sharrin siyasa ne. Mataimakin Naidu, Pawan Kalyan, ya shiga kaffarar kwana 11. Ranar 23 ga wata aka hura wutar tsarkakewa, aka yayyafa wa ɗakin girkin da rumbunan ajiya ruwan tsarki.

Da maganar ta je Kotun Ƙoli, alƙalai suka tambayi ina hujjar cewa man da aka gwada shi ne ya shiga cikin laddu, tunda hukumar wurin da kanta ta ce tankokin da ake zargi an mayar da su. Suka kuma ce ya kamata a nisanta alloli daga siyasa. Ranar 4 ga Oktoba kotun ta kafa kwamitin bincike na mutum 5 a ƙarƙashin kulawar CBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasa, kuma a Fabrairun 2025 aka kama mutum 4 masu alaƙa da kamfanonin madara. Wani abin da tun farko ya kamata ya tayar da hankali shi ne farashin: kimanin rupi 320 aka amince a sayi kilo, kuɗin da masu sana'ar suka ce ba zai kawo man shanu na gaskiya ba. Tsarin ba da kwangila ga mafi arha ya yi karo da ƙa'idar da ke cewa mafi kyau ake kai wa abin bauta.

Su kuwa maziyarta ba su fasa ba. A kwana 4 na farko da ƙurar ta tashi, hukumar wurin ta ce an sayar da laddu fiye da miliyan 1.4.